Yadda manyan 'yan kasuwa ke ba gwamnatoci shawara kan cinikin ƙasa da ƙasa

"Malam, duk lokacin da shugabannin ƙasashe za su yi taro irin na G20, sai in ji an ce shugabannin manyan kamfanoni sun miƙa musu shawarwari. Ta wace hanya ake ba da wannan shawara, kuma wa ke zaɓen masu ba da ita? Gwamnatoci na aiki da ita kuwa, ko hoto kawai ake ɗauka a watse? Abin da ya fi damuna shi ne, ta yaya za a bambance shawara da kamun ƙafa, tunda ɗan kasuwa ribarsa ce a gabansa?"

Malam, tambayarka guda uku ce a dunƙule: hanyoyin da shawarar ke bi, nauyin da take da shi, da kuma amanar mai ba da ita. Kundin da kake gani ana miƙa wa shugabanni a gaban kyamara shi ne mafi ƙarancin tasiri a cikin dukkan abin. Ainihin aikin ana yin sa ne watanni kafin nan, tsakanin ma'aikatan kamfani da jami'an ma'aikatar kasuwanci, a kan layi ɗaya na jadawalin kuɗin fito ko kalma ɗaya a cikin daftarin yarjejeniya.

Me ya sa gwamnati ke neman su tun farko?

Saboda bayanin yana hannunsu. Jami'in da aka tura ya tattauna yarjejeniyar ciniki yana ɗauke da jadawalin kaya mai layuka dubbai. Tsarin da hukumomin kwastan na duniya ke amfani da shi tun 1988 yana ba kowane kaya lamba mai alƙaluma shida, kuma akwai irin waɗannan lambobi fiye da 5,000, sannan kowace ƙasa ta ƙara nata rarrabewar a kai. Babu ma'aikatar da ta san yadda rage kuɗin fito zai shafi kowane layi. Mai masana'anta kuwa ya san daga ina yake sayo ƙarfensa, kwana nawa kwantenarsa ke yi a tashar jiragen ruwa, da takardar da ƙasar waje ke fakewa da ita ta hana kayansa shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai dalili na biyu, na siyasa. Yarjejeniya ba ta aiki sai majalisa ta amince da ita, kuma gwamnatin da ta sa hannu ba tare da ta ji ta bakin masu masana'antu ba za ta same su a majalisa suna yaƙar ta. Gara ta san matsayinsu tun tana teburin tattaunawa, lokacin da gyara ke yiwuwa.

Ƙofofin da shawarar ke shiga

Ƙofar da ta fi kowacce tsari ita ce wadda doka ta kafa. A Amurka, dokar kasuwanci ta 1974 ta wajabta wa gwamnati ta tuntuɓi 'yan kasuwa kafin tattaunawa da lokacin da ake yin ta. A sama akwai babban kwamiti wanda shugaban ƙasa ke naɗa wa mambobi har 45. A ƙasa akwai kwamitoci fiye da goma na ɓangarorin sana'a, irin su ƙarfe, motoci, yadi da sinadarai, sai na noma da na ƙwadago daban. Ana tantance mambobin ta fuskar tsaro, sannan a ba su damar karanta daftarin da gwamnati ke shirin gabatarwa, wanda jama'a ba su gani. Idan an kammala yarjejeniya, kwamitocin na rubuta rahoton da majalisa za ta karanta. Ka lura da wannan damar ta ganin daftari, domin ita ce gatan da ya fi kowane tsada a wannan fage. Wanda ya ga rubutu kafin a rufe shi zai iya cewa a sauya kalma. Wanda ya gan shi bayan an sa hannu, abin da ya rage masa shi ne ya ce na yarda ko ban yarda ba.

Japan ta bi wani salo. Ƙungiyar Keidanren, wadda aka kafa a 1946, ita ce bakin manyan kamfanonin ƙasar, kuma tun 2001 akwai majalisar tsara manufofin tattalin arziki da firaminista ke jagoranta, inda 'yan kasuwa da malaman jami'a ke zama tebur ɗaya da ministoci. Meziko kuma ta shahara da abin da suke kira "ɗakin gefe". Lokacin da ake tattauna yarjejeniyar NAFTA da Amurka da Kanada a farkon shekarun 1990, wakilan masana'antu kan kama ɗaki kusa da inda ake zaman. Jami'i ya fito daga tattaunawa, ya leƙa ɗakin ya ce an nemi mu cire haraji kan kaya kaza cikin shekara biyar, za ku iya? Su duba lissafinsu su ce sai dai goma. Ya koma da amsar a hannu. Ƙasashe da yawa sun kwaikwayi wannan tsari daga baya.

Sai ƙofofin ƙasa da ƙasa. Cibiyar 'yan kasuwa ta duniya, ICC, tana nan tun 1919 da hedkwata a Faris, kuma a 2016 ta samu kujerar 'yar kallo a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, na da kwamitin 'yan kasuwa tun 1962, da takwaransa na ƙungiyoyin ƙwadago. Ƙasashen APEC, ƙungiyar tattalin arzikin yankin Asiya da Fasifik, sun kafa majalisar 'yan kasuwa a 1995, inda kowane shugaba ke naɗa mutum har uku. B20, wato zauren 'yan kasuwa da ke miƙa shawara ga taron G20 da ka ambata, ita ce ƙaramarsu a shekaru, ta faro a 2010, kuma ƙasar da ke riƙe da shugabancin G20 a shekarar ita ke damƙa wa wata babbar ƙungiyar 'yan kasuwarta alhakin shirya ta. Wannan ya amsa tambayarka ta wa ke zaɓe: ko dai gwamnati ta naɗa, ko ƙungiya ta tura wakili, kuma a ƙungiya galibi kamfanin da ya fi biyan kuɗin mamba, ya kuma iya sadaukar da ma'aikaci ga aikin, shi ke samun kujera.

Akwai kuma ƙofar wayar tarho da liyafar dare da jirgin shugaban ƙasa, lokacin da ya ɗebi attajirai zuwa ziyarar aiki. Ba ta da rajista, shi ya sa babu mai iya auna ta daidai.

Yadda shawara mai aiki take

Kundin B20 kan ce a ƙarfafa ciniki, a sauƙaƙa zuba jari, a tallafa wa ƙananan masana'antu. Ba wanda zai yi musu, amma ba jami'in da zai iya yin komai da shi, domin sai da aka tace shi har ɗaruruwan kamfanoni masu buƙatu mabambanta suka yarda. Takardar da ke sauya manufa gajera ce, shafi biyu ko uku. Tana faɗin lambar kayan a jadawalin kwastan, harajin da ke kansa yanzu a gida da a ƙasar da ake tattaunawa da ita, abin da ake so ya koma, da cikin shekara nawa. Tana kawo adadin ma'aikatan da abin ya shafa da inda masana'antun suke, saboda ɗan siyasa mazaɓa yake lissafawa. Tana rubuta ainihin jimlar da ake so ta shiga yarjejeniya, yadda lauyan gwamnati zai ɗauke ta kai tsaye. Mafi muhimmanci, tana gaya wa jami'i a asirce abin da za a iya haƙura da shi idan ciniki ya yi tsauri. Takardar da ta ce komai ko ba komai ta ɗaure hannun mai tattaunawa, kuma irinta ake fara ajiyewa gefe.

Lokaci ma na da nasa hukunci. Shawara ta fi tasiri kafin gwamnati ta tsayar da matsayinta, wato sa'ad da ma'aikatu ke jayayya a tsakaninsu. Da zarar an miƙa tayi ga ɗaya ɓangaren, janye shi sai an biya da wani abu. Kamfanoni da yawa na farkawa ne bayan jaridu sun ɗauki labari, alhali an rufe babin da ya shafe su wata shida da suka wuce.

Bari mu duba wuri ɗaya da kyau, wato ƙa'idar asalin kaya, don a nan ne gizo ke saƙa. Idan ƙasashe biyu sun yafe wa juna kuɗin fito, dole a fayyace wane kaya ne na gida, in ba haka ba ƙasa ta uku za ta turo nata a sauya masa kwali ya wuce kyauta. A ƙarƙashin NAFTA, mota na samun rangwame idan kashi 62.5 cikin ɗari na darajarta ya fito daga yankin. Sabuwar yarjejeniyar da ta maye gurbinta a Yulin 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 75. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai makomar masana'antun injin da na giyar mota, da inda za a gina sababbi. Mai ƙera kayan gyara a yankin yana son lambar ta hau, mai haɗa mota da ke shigo da kaya daga Asiya yana son ta sauka, kuma dukkansu 'yan kasuwa ne masu ba da shawara. Haka a yadi: ƙa'idar ta ce riga ba ta cancanci rangwame ba sai an kaɗa zarenta, an saƙa yadin, an ɗinka ta duk a cikin yankin. Wannan sharaɗi ya kare masu masaƙu, ya ƙara wa masu ɗinki da dillalai tsada. Mai karanta kanun labarai zai ga an ce an cire haraji, ba zai ga cewa sakin layi ɗaya a rataye ya yanke wanda zai ci moriyar ba.

A shari'ar karya farashi kuwa, wato idan ana zargin kamfanin waje da jibge kaya ƙasa da farashin da yake sayarwa a gidansa, 'yan kasuwa ne ke tayar da maganar da kansu. Dokar ƙungiyar cinikin duniya, WTO, ta ce ba a buɗe bincike sai masu goyon bayan ƙorafin sun kai aƙalla kashi 25 na dukkan abin da ake samarwa a ƙasar, kuma sun fi rabin abin da masu bayyana ra'ayi ke samarwa. Idan ratar farashin ba ta kai kashi 2 ba, a rufe fayil. Ka ga a nan shawara ta zama hujja mai lissafi da za a iya bincika, kuma wannan shi ne mizanin da ya kamata a ɗora sauran a kai.

Ana aiki da ita?

Ana yi, wani lokaci har abin ya ba da tsoro. A 1983 shugaban kamfanin Volvo, Pehr Gyllenhammar, ya tara shugabannin manyan masana'antun Turai suka kafa wani zaure. A Janairun 1985 Wisse Dekker na kamfanin Philips ya gabatar da tsarin haɗe kasuwannin Turai, mai jadawalin lokaci. A Yunin shekarar hukumar Turai ta fitar da nata shiri mai matakai kusan 300, kuma kasuwar bai ɗaya ta fara aiki a farkon 1993. Masana na jayayya kan rabon yabo tsakanin 'yan kasuwar da 'yan siyasa irin su Jacques Delors, amma ba a musun cewa matsin lambarsu ya hana gwamnatoci ja da baya. Katin tafiye-tafiyen 'yan kasuwa na APEC, wanda aka fara a 1997 don rage wahalar biza, shi ma daga shawarar 'yan kasuwa ya fito.

Misalin da ya fi kowanne koyarwa shi ne na haƙƙin mallakar fasaha. A 1986, gab da fara tattaunawar dokokin cinikin duniya da ake kira zagayen Yurugai, Edmund Pratt na Pfizer da John Opel na IBM suka jagoranci kafa kwamitin wasu manyan kamfanonin Amurka, da nufin a sa kare haƙƙin ƙirƙira cikin dokokin cinikin duniya. Suka jawo takwarorinsu na Turai da Japan, a 1988 suka fitar da daftari na haɗin gwiwa. Yarjejeniyar TRIPS da aka sa wa hannu a Marrakesh a 1994 ta ɗauki da yawa daga abin da suka nema, ciki har da kariyar shekara 20 ga sabuwar ƙirƙira, har da magunguna. A matsayin aikin ba da shawara, nasara ce da ba a cika ganin irinta ba. Amma masu ciwon ƙanjamau a ƙasashe matalauta ba su da kujera a ɗakin. Lokacin da Afirka ta Kudu ta yi dokar sauƙaƙa samun magani a 1997, kamfanoni 39 suka maka ta a kotu, sai da duniya ta yi musu ca suka janye a Afrilun 2001. A Nuwamban shekarar ne taron WTO na Doha ya fito fili ya tabbatar cewa yarjejeniyar ba ta hana ƙasa kare lafiyar jama'arta ba. An yi shekara bakwai kafin a rubuta abin da ya kamata a rubuta tun farko, kuma a cikin shekarun an yi asarar rayuka.

Ba kullum suke samun yadda suke so ba. Yarjejeniyar zuba jari da aka yi ta tattaunawa a OECD, wadda manyan kamfanoni suka goya wa baya, ta rushe a 1998 bayan Faransa ta janye. A 2018 manyan ƙungiyoyin 'yan kasuwar Amurka sun yi adawa da harajin kashi 25 kan ƙarfe da kashi 10 kan alminiyom, aka saka shi duk da haka. Idan magana ta koma ta tsaron ƙasa ko ta zaɓe, muryar kamfani na raguwa ƙwarai. Ƙarfinta ya fi yawa a inda batun ke da sarƙaƙiya kuma jama'a ba su kula ba.

Shawara ko kamun ƙafa?

Gaskiya babu katanga tsakaninsu. Duk ɗan kasuwan da ya zauna gaban minista yana da abin da yake so, kuma wannan ba laifi ba ne, muddin an san da haka. Kuskuren gwamnati shi ne ta ɗauki maslahar kamfani a matsayin maslahar ƙasa. Dalilin da ke sa hakan faruwa masanin tattalin arziki Mancur Olson ya bayyana shi tun 1965: idan riba ta taru a hannun 'yan kaɗan, asara kuma ta watsu kan miliyoyi, 'yan kaɗan ɗin ne za su haɗa kai. A ce kamfanoni biyar ke yin wani kaya, haraji zai ƙara wa kowanne riba mai yawa, su biyar za su ɗauki lauya da masanin lissafi. Masu saye miliyan goma da za a ƙara wa kowannensu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba mai zuwa ma'aikata dominsu. Ƙarfe na nuna wannan sarai: masu narka shi ba su da yawa kuma suna da tsari, masu amfani da shi wajen ƙera motoci da injuna da gwangwani sun ninka su yawan ma'aikata amma a warwatse suke. Harajin ƙarfe da Amurka ta saka a Maris 2002 ta janye shi a Disamban 2003, bayan WTO ta yanke hukunci a kansa kuma masu amfani da ƙarfen sun koka da tsada.

Akwai wanda ma ba zai taɓa zuwa ba, wato kamfanin da ba a kafa ba tukuna. Tsofaffin kamfanoni kan nemi ƙa'idojin da su kaɗai za su iya cikawa, sabon shiga ya tarar an rufe ƙofa da sunan inganci.

Don haka idan kana son auna wata shawara, ga abin da nake ganin ya fi amfani ka duba. Shin alƙaluman da aka kawo za a iya gwada su da bayanan kwastan da na haraji, ko kuwa kamfanin ne kaɗai ya san inda ya samo su? Barazanar rufe masana'anta da korar ma'aikata ita ce aka fi zuzutawa, kuma jami'in kirki yakan nemi littafin lissafi kafin ya gaskata. Shin abin da ake nema zai amfani duk mai sana'ar, kamar rage kwanakin fitar da kaya daga tasha, ko kamfani ɗaya aka auna aka ɗinka wa? Shin kariyar na da ranar ƙarewa da sharaɗin da za a cika, ko ta har abada ce? Koriya ta Kudu ta tallafa wa manyan kamfanoninta sosai a shekarun 1960 da 1970, amma tana ɗaure tallafin da yawan kayan da suka fitar waje, wanda ya gaza a janye masa. Sannan wa aka ji ta bakinsa ban da su: ƙananan masana'antu, manoma, ƙungiyoyin ƙwadago, masu shigo da kaya, masu saye?

Dokokin bayyana kamun ƙafa na taimakawa. Amurka na da tata tun 1995, Tarayyar Turai ta buɗe rajista a 2011 ta kuma tsaurara ta a 2021. Sai dai rajista na nuna wanda ya shiga ofis ne, ba ta nuna abin da aka faɗa a ciki, kuma ba ta magance matsalar jami'in da ke tattaunawa yau yana hangen aiki gobe a kamfanin da ke gabansa. Shi ya sa wasu ƙasashe ke tilasta wa tsohon jami'i ya jira shekara ɗaya ko biyu kafin ya koma kamun ƙafa a ma'aikatar da ya bari.

Inda amsar nan ta tsaya

Misalan da na kawo galibi na ƙasashe ne masu rubutattun dokoki da rajista, saboda a nan ake barin sawu. A inda kamfanoni uku ko huɗu ke riƙe da rabin tattalin arziki, ko inda manyan kamfanonin na gwamnati ne, mai ba da shawara da mai karɓa kan zama kusan mutum ɗaya, kuma ma'aunan da na ambata sai an yi musu gyara. Haka nan, ganin gwamnati ta yi abin da 'yan kasuwa suka nema ba ya tabbatar da cewa su suka sa ta. Sau da yawa ita ce ke kiran su su fito su nemi abin da ta riga ta yanke, don ta samu abin nunawa a majalisa.

Abin da ya fi raunana ƙananan ƙasashe a wannan fage shi ne ƙarancin ma'aikata. Idan ma'aikatar kasuwanci na da mutum biyu kacal da suka fahimci ƙa'idar asalin kaya, kamfanin da ke gabansu kuma ya zo da lauyoyi goma da daftari a shirye, daftarin kamfanin ne zai shiga yarjejeniya ko da ba a ba kowa ko kwabo ba. Matakin farko na gyara shi ne ƙasa ta horar da masu lissafinta da lauyoyinta na ciniki, ta biya su albashin da zai riƙe su, ta kuma bar su a kujera ɗaya tsawon shekarun da tattaunawa ke ɗauka. Zagayen Yurugai shekara takwas ya ci, daga 1986 zuwa 1994.